Babi na Shida: A Cire Alama, a Bar Magana

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ɗaya daga cikin ƙananan shagunan buga takardu da ke tsakanin Babbar Kasuwar Duwala da Babban Masallacin New Bell ya san irin aikin da ake kawo musu. Katin ɗaurin aure da na suna, jadawalin buɗa-baki idan azumi ya ƙarato, sanarwar taron mahauta ko na 'yan goro, jerin farashin atamfa, wa'azin da wani bawan Allah ya gani a intanet yake so a buga masa ya raba bayan Juma'a. Da wuya ka sami takarda a cikin waɗannan da harshe ɗaya ya ishe ta. Kanta da Faransanci, jikinta da Hausa, aya ko addu'a da Larabci, wani lokaci a ƙara layi guda da Fulatanci ko Ingilishi.

Haka unguwar take tun kafuwarta. Jamusawa ne suka yanka ta a tsakanin 1913 da 1914, lokacin da suka ƙwace filayen bakin kogin Wouri daga hannun mutanen Bell don su keɓe wa Turawa, suka bar fili mai faɗin kilomita ɗaya a tsakani, suka ce baƙar fata su koma can baya. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi amincewa, aka rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914. 'Yan garin da aka yanka wa unguwar ba su yi ɗokin zama cikinta ba, sai ta zama masaukin baƙi: Hausawa, Bamileke, Basa, Ewondo, da mutanen da jiragen ruwa suka kawo daga gaɓar Afirka ta Yamma. Wannan cakuɗar ce har yau ke bayyana a fuskar kwamfutar mai shago, kuma ita ta sa matsalar da za mu duba a wannan babi ta fi cizo a New Bell fiye da yadda take yi a Paris ko Landan.

Rubutun da ke intanet ba ya tafiya shi kaɗai. Kowace jimla tana kewaye da alamomin da mai karatu ba ya gani. Burauza ce ke karanta su, ta san inda sakin layi ya fara, wace kalma za ta yi kauri, ina hoto zai zauna. Tsarin waɗannan alamomi shi ake kira HTML. Tim Berners-Lee ne ya ƙago shi a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Geneva, kuma jerin farko da ya fitar a 1991 alamomi 18 ne kacal. Fasalinsu ya aro shi daga wani tsohon tsari mai suna SGML, wanda ya zama ma'aunin duniya a 1986: a buɗe da <p>, magana ta biyo, a rufe da </p>. Nufin farko shi ne alama ta faɗi matsayin rubutu, wannan kan magana ne, wannan sakin layi ne, wannan jeri ne. Da kamfanoni suka shiga gasar burauza a tsakiyar shekarun 1990 sai ado ya yi yawa. Aka ƙaro <font> don sauya launi da girman haruffa, Netscape ta kawo <blink> mai sa rubutu ƙiftawa, Microsoft ta kawo <marquee> mai sa shi gudu. Ƙungiyar W3C ta fitar da CSS a Disamba 1996 don a raba ado da magana, a 1997 kuma ta ce a daina amfani da <font>. Amma shafukan da aka riga aka rubuta suna nan, kuma daga cikinsu muke kwafa.

A shagunanmu, mafi yawan tarkacen daga Microsoft Word yake fitowa. Da manufa aka yi hakan: tun Office 2000 aka tsara Word, in ya mayar da takarda shafin intanet, ya adana komai a cikin shafin, domin in an sake buɗe shi a Word ya dawo yadda yake. Sakamakon dai shi ne, layi ɗaya na sanarwa yakan koma kamar haka:

<p class="MsoNormal"><span style="font-family:Garamond">Ana sanar da ba</span><span style="font-family:'Lucida Sans Unicode'">ƙ</span><span style="font-family:Garamond">in da suka zo daga Garwa</span><o:p></o:p></p>

Maganar kalma tara ce, sauran duk kaya ne. Kayan nan yana ci wa mai ƙaramar waya data, yana ɓata fasalin duk shafin da aka zuba shi, kuma idan aka aika shi inda ba a karanta HTML, kamar saƙon tes, sai ya fito fili ya rufe maganar. Dole a cire shi. Abin da ke da wuya shi ne a cire shi maganar ta fito lafiya.

Hanyar da kusan kowane sabon mai koyon rubuta manhaja ke fara kamawa ita ce rejeks, wato ɗan gajeren tsarin bincike da ke kama duk rubutun da ya dace da wani fasali. Mafi shahara shi ne wannan:

<[^>]*>

Ma'anarsa, daga duk inda ka ga < har zuwa > na farko da ya biyo baya, share. Layi ɗaya ne, kuma idan ka gwada shi a kan sanarwar da ke sama zai ba ka abin da kake so. Wannan nasarar farko ce ke yaudarar mutane. Ɗauki sanarwar wani asibitin unguwa da aka rubuta da gaggawa: «yara < shekara 5 kyauta, manya > shekara 60 rabin kuɗi». Burauza ta san cewa < da fili ya biyo bayanta ba farkon alama ba ce, sai ta nuna jimlar yadda take. Rejeks bai san haka ba. Zai haɗiye duk abin da ke tsakani, ya bar maka «yara shekara 60 rabin kuɗi». Ba kuskuren da kwamfuta za ta yi ƙara a kansa ba ne. Takardar za ta fita daga firinta tsaf, a manna ta a ƙofar masallaci, uwa ta karanta ta fasa kai ɗanta.

Akwai kuma kishiyar wannan. Alamar <script> tana ɗauke da umarnin manhaja, <style> tana ɗauke da umarnin ado. In ka cire alamun kaɗai ka bar cikinsu, sai tarin kod ya zubo tsakiyar wa'azin malam. Ko strip_tags na harshen PHP, wanda shafuka masu ɗimbin yawa suka dogara da shi, haka yake yi: yana cire alama, yana barin abin da ke ciki, ko mene ne.

Dalilin gazawar rejeks ya fi waɗannan misalai zurfi. Alamomin HTML suna shiga cikin juna, wata cikin wata, ba iyaka. Tun shekarun 1950 masanin lissafi Stephen Kleene ya fayyace abin da irin wannan tsarin bincike zai iya, Noam Chomsky kuma a 1956 ya nuna cewa harshen da sassansa ke shiga cikin juna yana mataki na gaba, inda sai na'ura ta riƙa tuna abin da ta buɗe don ta san abin da za ta rufe. Rejeks na asali ba ya tunawa. Telolin Kasuwar Kongo sun san bambancin. Idan aka kawo wa tela babbar riga aka ce a cire aikin wuyan a bar shaddar, wanda bai ƙware ba zai ɗauki almakashi ya bi gefen aikin, ya tafi da yadi. Gwani zai juya rigar, ya gano inda zare ya shiga da inda ya fita, ya farke shi ɗaya bayan ɗaya.

Juya rigar, a wajenmu, shi ne a ba manhaja mai feɗe shafi ta karanta HTML yadda burauza ke karantawa. Tana mayar da shafin bishiya: kowace alama reshe ce, rubutu kuma yana rataye a ƙarshen rassan. Ko shafin ya karye, an buɗe alama ba a rufe ba, akwai ƙa'idar da za ta bi, domin HTML5 da W3C ta tabbatar a Oktoba 2014 ya zayyana dalla-dalla yadda za a bi da kowane irin kuskure. Irin waɗannan manhajoji kyauta suke. HTML Tidy na Dave Raggett yana nan tun ƙarshen shekarun 1990, har da zaɓi na musamman don wanke abin da Word ya bari. Masu amfani da Python suna da Beautiful Soup, wanda Leonard Richardson ya fitar a 2004. A cikinsa akwai umarni biyu da ya kamata mai koyo ya haddace bambancinsu:

for alama in shafi.find_all(["script", "style"]):
    alama.decompose()

for alama in shafi.find_all(["font", "span"]):
    alama.unwrap()

Na farko yana sare reshe da duk abin da ke jikinsa. Na biyu yana zare alamar kaɗai, ya miƙa abin da ke cikinta ga reshen da ke sama, a daidai wurin da take. A wata manhajar irinta mai suna lxml sunayensu strip_elements da strip_tags, a JavaScript kuma ana yin na biyun da replaceWith. Suna ya bambanta, aiki ɗaya ne.

Da a nan maganar ta ƙare, da ba ta kai babi ba. Manhajar tana iya feɗe shafin, amma ba za ta gaya maka wace alama ce ado, wace ce ɓangaren magana ba. Wannan hukunci naka ne, kuma a nan ne na ga masu Hausa suna shan wahalar da littattafan koyarwa na Faransanci da Ingilishi ba su ambata.

Fara da tazara. Idan shafi yana da <p>Kano</p><p>Duwala</p> ka zare alamun, za ka sami «KanoDuwala», domin alamar ce ke raba su. Maganin da ake koya wa kowa shi ne a sa fili a gurbin duk alamar da aka cire. Ga Bafaranshe wannan yakan wadatar. Yanzu koma ka dubi sanarwarmu ta farko. Ka lura ƙ tana zaune ita kaɗai cikin nata <span>? Ba mai bugawa ne ya so haka ba. Salon haruffan da ya zaɓa ba shi da ƙ, sai Word ya aro ta daga wani salon, ya naɗe ta daban. Haka yake yi wa kowace ɓ da ɗ da ƙ a takardar. In ka sa fili a gurbin kowace alama, «baƙin» zai koma «ba ƙ in», kuma duk kalmar da ke da harafi mai ƙugiya za ta tsage haka. Garin neman gira an rasa ido. Hanyar da ta dace ita ce a raba alamun gida biyu. Masu yanka shafi zuwa sassa, irin su <p> da 
 <br> da <li> da <div>, a sa sabon layi a gurbinsu. Masu zama cikin jimla, irin su <span> da <font> da <b>, a zare su ba tare da an bar komai ba. Ƙarin layi uku ne ko huɗu a manhaja, amma wanda bai taɓa gwada aikinsa da Hausa ba, ba zai san yana bukatarsu ba.

Sai alamun da kamanninsu na ado ne alhali ma'ana suke ɗauke da ita. Ɗan kasuwa ya rage farashin turmin atamfa, ya ja layi a kan tsohon da alamar <s>, ya rubuta sabon a gefe. Zare alamar, farashi biyu su tsaya kafaɗa da kafaɗa, mai saye ya rasa na gaskiya. Jadawalin azumi yana cikin <table>, kowace rana da layinta, kowane lokaci da gurbinsa. Zare alamun ba tare da ka raba gurabun ba, lokacin alfijir ya manne da na magariba. «Danna nan don yin rajista» magana ce da ba ta da amfani in an jefar da adireshin da ke ɓoye cikin <a>, saboda haka kafin a zare ta sai a fito da adireshin a rubuta shi a fili. Lamba 10 da ƙaramin 3 a samanta dubu ne, in an zare <sup> ta koma 103.

Wadda ta fi damuna ita ce ta Larabci da Ajami. Idan aka sa aya a tsakiyar rubutun boko, akan naɗe ta da alama mai ɗauke da dir="rtl", wato wannan yanki daga dama yake farawa. Unicode, ma'aunin da ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, yana da nasa tsarin gane alkiblar haruffa, shi ya sa ko an cire alamar, haruffan kansu sukan tsaya daidai. Lambobi da waƙafi da baka su ne ke rasa gida, lambar aya ta tsallaka ɗaya gefen, ƙarshen jimla ya koma farkonta. A takardar talla wannan muni ne kawai. A takardar da ke ɗauke da Alƙur'ani abu ne da bai kamata ya fita daga shagon Musulmi ba. An yi wahala kafin Ajami ya sami gurbi a kwamfuta: a 2016 Unicode ya ƙara haruffan fa da ƙaf da nun na ruwayar Warsh, irin rubutun da almajiranmu suka tashi da shi, akwai kuma salon haruffa na Alkalami da ƙungiyar SIL ta yi a kan rubutun Kano. Bai dace mu ɓata wannan ƙoƙari da layin manhaja ɗaya ba. Haka ma lang="ha", 'yar alamar da ke cewa wannan rubutu Hausa ne. Ita ke taimaka wa injin bincike da manhajar da ke karanta wa makafi su san harshen da suke ciki. A shafin da ya haɗa harshe uku, a bar ta.

Har <font> ɗin da duniya ta yanke wa hukunci tun 1997, akwai inda cire ta ɓarna ce. Haruffa masu ƙugiya sun daɗe a ɗab'i, da su Gaskiya Ta Fi Kwabo ta saba fita daga Zariya, jaridar da ta fara a 1939. A Kamaru ma, tsarin haruffan bai-ɗaya na harsunan ƙasa da aka amince da shi a Yawunde a 1979, wanda Maurice Tadadjeu da Etienne Sadembouo suka tsara, yana da ɓ da ɗ da ŋ. Amma kwamfutocin farko ba su san su ba. Dabarar da masana harshe da masu fassara suka yi kafin Unicode ya bazu ita ce su ƙera salon haruffa na musamman, su ɗauki gurbin wata alamar da ba a cika amfani da ita ba, su zana ɗ a ciki. A ido ɗ ce, a cikin fayil wata aba ce daban. Duk tsohon rubutun Hausa ko Fulatanci da aka yi ta wannan hanya, sunan salon haruffan da ke cikin <font> shi ne mabuɗin karanta shi. Wanda ya ci karo da irinsa, ya fara amfani da sunan ya mayar da kowane harafi zuwa lambarsa ta Unicode, sannan ya cire alamar. In ya fara da cirewa, ya jefar da mabuɗin.

Wannan ya kawo mu ga haruffan kansu. A Unicode ƙ lamba 409 ce, ɓ 595, ɗ 599, shi ya sa a cikin wasu shafuka za ka ga &#409;asa maimakon ƙasa, kamar yadda za ka ga &eacute; maimakon é. Waɗannan ba alamu ba ne, haruffa ne a ɓad-da-kama, manhaja mai feɗe shafi tana mayar da su da kanta, rejeks kuwa yana barinsu yadda suke. A tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka ƙago a 1992 kuma yau kusan duk intanet ke kansa, kowane harafi mai ƙugiya yana cin gurbi biyu. Idan manhajarka ta ɗauka fayil ɗin a tsohon tsarin Yammacin Turai yake, sai ta karanta kowane gurbi daban: ƙasa ta zama «Æ™asa», ɗa ya zama «É—a». Mutanen Duwala sun saba ganin Ã© a madadin é, ciwon ɗaya ne. Tsohon DOMDocument na PHP ya shahara da wannan, domin in ba a gaya masa tsarin fayil ba, na Yammacin Turai yake ɗauka. Sauƙin wannan cuta shi ne ana ganinta, kuma sau da yawa ana iya juya ta.

Wadda ba a gani ta fi haɗari, kuma ta ƙasashen Faransanci ce musamman. Masu rubuta manhaja a nan suna da wata dabara da suke gāda hannu da hannu don cire haruffan Faransanci daga kwalliyarsu, é ta koma e, ç ta koma c, saboda sauƙin bincike da sunayen fayil. Yadda take aiki, ana raba harafi da alamar da ke kansa, sannan a zubar da duk abin da ba ya cikin haruffan Ingilishi. Ga é wannan daidai ne, domin a Unicode tana rabuwa zuwa e da 'yar alamarta. Ƙ ba ta rabuwa. Harafi ce guda mai cin gashin kanta, ba k mai hula ba, saboda haka dabarar tana zubar da ita ɗungurungum. Ƙasa ta koma «asa», ɗaki «aki», ɓarawo «arawo». Wasu kuma da suka lura da haka sai su ce to a mayar da ƙ zuwa k, alhali baƙi da baki ba ɗaya ba ne, haka ɓata da bata. Yaron da ya koyi manhaja a Jami'ar Duwala ko wata makarantar sana'a ba mugunta ce ta sa shi yin haka ba. Darasin da aka ba shi da Faransanci aka gwada shi, kibod ɗin gabansa na AZERTY ne, irin na Faransanci, ba wanda ya taɓa nuna masa cewa harshen gidansu yana da haruffan da dabarar ke kashewa.

Alhamza ma ba ta tsira ba. Kalma irin 'ya'ya tana da ita sau biyu, kuma wannan 'yar alama ita ce harsunan manhaja da yawa ke amfani da ita wajen buɗe zance da rufe shi. Word yana lanƙwasa ta, wasu manhajoji suna mayar da ita &#39;, tsohon PHP kuwa kafin a soke ɗabi'ar a 2012 yakan sa mata sanda a gaba, shi ya sa har yau akwai tsofaffin shafukan Hausa da ke cewa \'ya\'ya. Mutanen Nijar da ke rubuta ƴaƴa sun kauce wa wannan ramin, amma ƴ ɗinsu tana faɗawa na baya tare da ƙ.

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu a kan tsare magana ne. Akwai kuma tsare mai karatu. Idan shafinka yana karɓar rubutu daga jama'a, cire alama aikin gadi ne, domin wanda ya sami damar cusa <script> a shafinka zai iya sa burauzar duk mai ziyara ta yi masa aiki. A Oktoba 2005 wani matashi a Amurka mai suna Samy Kamkar ya gwada haka a shafin MySpace. Shafin yana hana kalmar javascript, sai ya raba ta biyu da sabon layi, matatar ba ta gane ta ba, burauza kuwa ta gane. Cikin kimanin awa 20 kod ɗinsa ya kama asusu fiye da miliyan ɗaya, har aka rufe shafin na ɗan lokaci. Wata tsohuwar dabara ita ce a rubuta <scr<script>ipt>: matatar da ke neman <script> za ta cire na tsakiyar, gefen biyu su haɗe, su ba da abin da ake gudu. Darasin da masana tsaro suka fitar shi ne, kada ka jera abin da ka haramta, domin mugu zai samo wanda ka manta. Ka jera 'yan alamun da ka halatta, komai ban da su ya tafi. Kuma kada ka rubuta matatar da kanka alhali akwai irin DOMPurify, wanda kamfanin tsaro na Cure53 da ke Berlin ke kula da shi kuma masu neman ɓaraka suka shekara suna gwada shi. A kula da jerin aiki ma: wanda ya cire alamu sannan ya mayar da &lt; zuwa <, ya zuba sakamakon a shafi kai tsaye, ya raya alamar da ke kwance a mace.

Mai shagon da ba ya rubuta manhaja, nasa ya fi sauƙi. A burauza da manhajoji da dama, Ctrl da Shift da V suna manna rubutu zalla, Word ma yana da zaɓin manna rubutu kaɗai. Masu bi ta Notepad don su wanke rubutu su kula da wurin adanawa. Sai a 2019 Windows 10 ya mayar da UTF-8 zaɓin farko a Notepad. A tsofaffin kwamfutoci, waɗanda su suka fi yawa a shagunan unguwa, in ba ka zaɓi UTF-8 da hannunka ba, haruffa masu ƙugiya sukan koma alamar tambaya, kuma wannan ba ya juyuwa.

Na tsaya a kan waɗannan ƙananan abubuwa ne saboda rubutun Hausar Kamaru kaɗan ne a intanet, kuma yawancinsa kwafi ɗaya gare shi. Labarin da BBC Hausa ko RFI ta wallafa yana da ma'ajiya da ma'aikata. Tarihin wani masallacin New Bell da wani dattijo ya faɗa jikansa ya buga, ko kundin taron wata ƙungiyar 'yan kasuwa, yana zaune a kwamfuta ɗaya ko shafi ɗaya, kuma ranar da aka ɗauko yaro ya sabunta shafin, abin da manhajarsa ta fitar shi ne zai rage. Injinan bincike da na fassara ma ta wannan hanya suke samun Hausarsu, suna cire alamu daga shafuka suna tara abin da ya saura. In abin da ya saura «ba ƙ in» ne da «asa», shi za su koya, shi kuma za su mayar wa 'ya'yanmu.

Saboda haka ina roƙon matasanmu masu wannan sana'a, na New Bell da na Briketeri a Yawunde da na Garwa da Marwa, abu biyu. Kada ku taɓa wanke fayil a kan asalinsa, ku ajiye na asali da duk tarkacensa, ku yi aiki a kan kwafi. Kuma kafin ku miƙa wa mai aiki manhajarku, ku zuba mata sakin layi ɗaya da ke da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, manya da ƙanana, da 'ya'ya, da é, da aya ɗaya mai lamba, da farashin da aka ja wa layi, da jadawali mai layi biyu, sannan ku karanta abin da ya fito da idonku, harafi bayan harafi.